Gabar Manya, Gawar Yara: Karatun Romiyo da Juliyet a Wudil

  Ina gaida iyayenmu maza da mata na cikin garin Wudil da ƙauyukan kewaye. Ina gaida masunta a bakin kogi, da 'yan kara, da direbobin da ke tsallaka gada a daidai wannan lokaci. Gaisuwa ta musamman ga malaman makaranta da ɗalibansu, domin zancenmu na yau ya fi shafar su.

Yau littafi za mu buɗe. Wasan kwaikwayo ne, sunansa Romiyo da Juliyet. Wani Bature ɗan Ingila ne ya rubuta shi, Wiliyam Shekspiya, wanda aka haifa a 1564, ya mutu a 1616. An fara buga wasan a 1597. Kun ga ya haura shekara ɗari huɗu, amma har gobe ana karanta shi a makarantu a ko'ina cikin duniya.

Na san wani zai ce, ina ruwan Wudil da wannan? Garinmu garin kimiyya ne. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote. Ga makarantar horar da manyan jami'an 'yan sanda. Yaro ya karanci lissafi, ya karanci aikin injiniya, me zai yi da labarin soyayyar wasu yaran Turawa?

To, ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da nake so in tabbatar muku yau guda ɗaya ne. Wannan wasa labarin gaba ne kafin ya zama labarin soyayya. Gabar da manya suka ƙi kashewa, ita ce ta kashe yaran. Idan aka karantar da shi a haka, babu gida a ƙasar Wudil da bai shafa ba.

Bari mu fara da labarin, don wanda bai taɓa jin sa ba.

A birnin Berona na ƙasar Italiya akwai manyan gidaje biyu, gidan Mantegu da gidan Kafulet. Dukansu masu arziki ne, masu faɗa a ji. Ba sa ga maciji da juna. Romiyo ɗan gidan Mantegu ne, shi kaɗai iyayensa suka haifa. Juliyet 'yar gidan Kafulet ce, ita kaɗai ta rage wa iyayenta, kuma ba ta cika shekara goma sha huɗu ba.

Ranar wata Lahadi da dare aka yi walima a gidan Kafulet. Romiyo ya rufe fuska ya shiga tare da abokansa. Ya ga Juliyet, ta gan shi, zukata suka haɗu. Sai daga baya kowannensu ya gano ɗan gidan wane ne ɗan'uwan nasa. Washegari Litinin wani limamin coci mai suna Fada Lorans ya ɗaura musu aure a ɓoye. Fatansa shi ne wannan aure ya zama silar sulhu.

A ranar, kafin rana ta faɗi, jini ya zuba. Tibal, ɗan'uwan Juliyet, ya kashe Makushiyo, aminin Romiyo. Romiyo ya fusata ya kashe Tibal. Sarkin gari ya kore shi, ya gudu zuwa birnin Mantuwa. A gida kuma mahaifin Juliyet ya tsayar da ranar aurenta da wani basarake mai suna Faris. Fada Lorans ya ba ta wani magani da zai sa ta sandare kamar gawa, don a kai ta hubbaren gidansu, Romiyo ya zo ya ɗauke ta idan ta farfaɗo. Ya rubuta wasiƙa don ya sanar da Romiyo. Wasiƙar ba ta isa ba, domin an kulle ɗan aiken a wani gida saboda zargin annoba. Labarin mutuwa ne ya riga isa. Romiyo ya sayi guba ya dawo. A bakin hubbare ya haɗu da Faris, suka yi faɗa, ya kashe shi. Ya sha gubar a gefen matarsa. Ta farka ta tarar da gawarsa, ta kashe kanta da wuƙarsa. Mahaifiyar Romiyo ma baƙin cikin korar ɗanta ya kashe ta. Rai shida. Daga Lahadi aka fara, kafin Juma'a ta zagayo an gama.

Labarin ke nan. Yanzu sai mu koma mu duba shi da kyau, domin a nan karatun yake.

Abu na farko, jama'a, ku lura da yadda wasan ya buɗe. Ba da saurayi da budurwa ya buɗe ba. Da barori ya buɗe. Wasu barorin gidan Kafulet su biyu suna yawo a kan titi, suna cika baki, suna neman rigima. Suka hango barorin ɗaya gidan. Ɗayansu ya ciji babban yatsansa yana kallon su, wanda a wurinsu tamkar a yi wa mutum daƙuwa ne. Shi ke nan aka zare takubba. Kan ka ce kwabo unguwa ta rikice. Tsofaffin gidajen biyu suka fito, kowa yana neman takobi, matansu suna riƙe su.

Barorin nan ba su da gado a gidan. Ba a taɓa gonar ubansu ba. Amma sun ɗauki gabar sun ɗora wa kansu, domin a gidan da suke cin abinci ita ce shaidar biyayya.

Ga kuma abin da ya fi ɗaure mini kai. Ka karanta wasan daga bango zuwa bango, ba za ka ga inda aka faɗi dalilin gabar ba. An dai ce tsohuwa ce. Gona ce? Bashi ne? Sarauta ce? Mace ce? Babu wanda ya ambata. Ina ganin da gangan marubucin ya yi haka. Gabar ta tsufa har ta daina buƙatar dalili. Sunan gidan mutum kawai za a ji, a zare takobi.

Ku biyo ni zuwa wajen walimar, domin akwai wani ɗan wuri da ɗalibai kan wuce shi da sauri, alhali zuciyar wasan tana nan. Tibal ya ji muryar Romiyo ya gane shi. Ya aika a ɗauko masa takobi. Wa ya hana shi? Tsoho Kafulet da kansa, maigidan. Ya tsawata masa. Ya shaida masa cewa mutanen gari suna yabon wannan yaro da natsuwa da tarbiyya, kuma ba zai yarda a wulaƙanta shi a ƙarƙashin rufinsa ba. Tun kafin walimar ma, tsohon ya gaya wa Faris cewa zaman lafiya ba zai gagari tsofaffi irinsa da Mantegu ba.

Kun ji fa. Tsohon ya gaji da gabar. A zuciyarsa ta yi sanyi. Amma bai taɓa tara iyalinsa ya ce musu ta ƙare ba. Bai taɓa saka takalmi ya je ƙofar gidan Mantegu ya yi sallama ba. Ya bar ta a gidan tana kwance. Tibal, mai jini a jika, ya tashi ya tarar da ita, ya ɗauka da zafin da ya fi na masu ita. Juliyet kuwa ta tashi da yaƙinin cewa sunan Mantegu ba ya ambatuwa a gaban mahaifinta. Ba ta san mahaifin nata ya yabi Romiyo a daren da ta fara ganin sa ba. Ko sau ɗaya ba ta gwada gaya masa ba. Shi ma bai taɓa ba ta fuskar da za ta gwada ba.

Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan labari ba haka ta kasance ba. Tsofaffin da suka ja ruwan suna tsaye da ƙafafunsu a ƙarshen wasa. 'Ya'yansu ne a kwance. Gabar da manya suka ƙi kashewa, ita ce ta kashe yaran.

Abu na biyu, mu shiga ɗakin Juliyet da safiyar Talata.

A farkon wasa Kafulet uba ne mai tausayi. Da Faris ya zo neman aure, cewa ya yi yarinyar ba ta isa ba, a ƙara mata shekara biyu. Ya kuma ce masa ya je ya nemi soyayyarta, domin yardarsa tana biye da yardarta. Kwana ɗaya kacal bayan haka, da aka kashe Tibal, mutumin nan ya sauya. Ya yanke rana ba tare da ya tambaye ta ba. Da ta durƙusa tana roƙo, ya zage ta tas. Ya ce in ta ƙi, ta bar masa gida, ta je ta yi bara a titi. Ta juya wajen mahaifiyarta, ta roƙi a ɗaga auren ko da wata guda ne, ko da mako guda. Uwar ta ce ta cire hannunta daga lamarinta. Ta juya wajen uwar goyonta, matar da ta shayar da ita, wadda ta san sirrin auren tun daga farko. Ita kuma ta ce ta manta da Romiyo ta auri Faris kawai.

Uba, uwa, uwar goyo. A zama ɗaya yarinya ta rasa su duka ukun. Saura mutum ɗaya, Fada Lorans. Shi kuma maimakon ya tashi ya je ya sami Kafulet ya faɗa masa gaskiya, sai ya ba yarinya kwalbar magani. A daren ƙarshe ma, da ya ji motsin masu gadi, tsoro ya kama shi. Ya fita ya bar ta ita kaɗai a cikin hubbare, ga gawar mijinta, ga wuƙa.

Iyayena mata, ku ne nake so ku fi jin wannan. A al'adarmu yarinya tana jin nauyin mahaifinta. 'Yar fari ma ko sunanta uwa ba ta kamawa. Kunya ado ce, ba na neman a zubar da ita. Amma magabatanmu da suka kafa kunya sun bar hanya. Akwai gwaggo. Akwai inna. Akwai kaka, wadda jika ke wasa da ita, ta faɗa mata abin da ba ta iya faɗa wa kowa. Akwai kawu da zai je ya tari uba a zaure. Yau gidaje sun rarrabu. Zumunci ya ja baya. Yarinya da yawa ba ta da kowa sai wayar da ke hannunta. Wanda ya karanta Juliyet da idon basira zai koma gida ya tambayi kansa, idan 'yata ta shiga matsala yau, wa za ta fara gaya wa?

Addininmu kuma bai bar mu cikin duhu ba. Malamai suna karantar da mu labarin Khansa'u 'yar Khizam, wadda mahaifinta ya aurar da ita ba da son ranta ba. Ta kai ƙara wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Labarin yana cikin Sahihul Bukhari. Ɗalibin Wudil da ya zo aji da wannan sani a kansa zai fahimci kuskuren Kafulet fiye da ɗalibin Landan.

Yanzu bari in juyo ga iyayen da ke da ƙorafi, domin ƙorafinsu yana da tushe, kuma ba zan kauce masa ba.

Uba zai ce, malam, a littafin nan yara sun yi aure a ɓoye babu waliyyi. Saurayi ya haura katanga cikin dare. A ƙarshe sun kashe kansu. Wannan za a koya wa 'ya'yanmu?

Gaskiya ne, duk waɗannan suna ciki. Kuma dole malami ya faɗa a fili, ba tare da kwana-kwana ba. Aure babu waliyyi ba aure ba ne a wurinmu. Kashe kai haramun ne, babban zunubi ne, ba jarumtaka ba ce, ba kuma shaidar ƙauna ba ce. Ko a addinin Kiristanci na mutanen da ke cikin wasan haka abin yake. Fada Lorans da kansa ya yi wa Romiyo faɗa mai zafi lokacin da ya fara zancen hallaka kansa. Malamin da ya bar ɗalibi ya fita daga aji yana ganin mutuwar yaran nan abin sha'awa ce, ya ci amanar aji, ya kuma ci amanar littafin.

Yaran ma suna da nasu laifin, kuma wasan bai ɓoye ba. Da safiyar Lahadi Romiyo kuka yake yi a kan wata yarinya daban mai suna Rozalin. Da dare ya manta da ita. Gaggawa ce ke jan sa a kowane mataki. Da gaggawa ya yi aure, da gaggawa ya yi kisa, da gaggawa ya sha guba. Da ya jinkirta kaɗan a cikin hubbaren nan, da ya ga matarsa ta buɗe ido. Sauri ya haifi nawa. Wannan darasi ne, kuma ya kamata samari su ji shi.

Amma ku ji wani abu. Shekspiya ba shi ya ƙagi labarin ba. Ya samo shi daga wata doguwar waƙa da wani mai suna Arthur Brooke ya wallafa a 1562, shi ma daga marubutan Italiya labarin ya gangaro masa. A gabatarwar waƙarsa, Brooke ya ɗora laifin a kan yaran. Ya nuna su a matsayin masu bin son zuciya da ƙin jin maganar iyaye. A wurinsa labarin ya ɗauki watanni. Shekspiya ya matse shi zuwa 'yan kwanaki. Ya rage shekarun yarinyar. Ya buɗe da faɗan titi, ya rufe da tsofaffi biyu a tsaye a kan gawarwakin 'ya'yansu, sarki yana tuhumar su. Ya san inda yake nuna yatsa. Yaro ya yi gaggawa, haka ne, gaggawa halin yaro ce. Amma wa ya haƙa ramin da gaggawar ta jefa shi?

Saboda haka amsata ga iyaye ita ce, yaranku sun riga sun san labarin. Sun gan shi a finafinan Indiya. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tuna Qayamat Se Qayamat Tak na 1988, wanda Aamir Khan ya fito a ciki. Gidaje biyu masu gaba, saurayi da budurwa, mutuwa a ƙarshe. Sun ji labarin Laila da Majnun. Suna karanta littattafan soyayya a waya. Bambancin kawai, a can babu malami a kusa da zai tsayar da su ya ce, ku dakata, mu yi tunani. A aji akwai.

Abu na uku, mu dawo gida. Shin gaba irin wannan baƙuwa ce a wurinmu?

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin amsa. A 1893 Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu, aka naɗa ɗansa Tukur. Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi da 'yan'uwansa ba su yarda ba. Suka fice daga birni suka yi sansani a Takai, nan maƙwabtanmu. Yusufu ya rasu a Garko, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci. Aka yi Yaƙin Basasa har zuwa 1895. Tukur da Yusufu jikokin mutum ɗaya ne, Sarki Ibrahim Dabo. Tsamin da ya fashe a hannunsu tun zamanin iyayensu ya fara taruwa. Ban kawo wannan don in fama tsohon miki ba. Na kawo shi ne don ɗalibi ya san cewa ƙasar da yake takawa ta taɓa ɗanɗana abin da yake karantawa.

A tarihin Larabawa ma an ruwaito yaƙin Basus tsakanin Bakar da Taglib, ƙabilu 'yan'uwan juna, wanda ya faro a kan raƙuma guda ya ɗauki kimanin shekara arba'in. Amma akwai Aus da Khazraj na Madina. Sun daɗe suna zubar da jinin juna. Musulunci ya zo ya haɗa su, suka zama Ansar. Su ba su jira sai 'ya'yansu sun ƙare ba. Wannan ya nuna mana ana iya kashe gaba tun masu ita suna raye.

Yau fa? Ba sai na kama suna ba. Kowa ya san gidaje biyu da iyakar gona ta raba, har jikoki ba sa gaisawa. Kowa ya san 'yan uba da rabon gado ya shiga tsakaninsu. Mun san auren da aka fasa saboda wannan gida ɗan wannan jam'iyya ne, wancan ɗan waccan. Mun san wanda aka fasa saboda bambancin masallacin da iyaye ke salla. Mun san wanda aka hana saboda sana'ar kakan yaro, alhali yaron yana da addini da hali. A cikin birni kuma muna jin faɗan daba tsakanin unguwa da unguwa. Ka tsayar da yaron da ke riƙe da wuƙa ka tambaye shi mafarin rigimar, sau da yawa ba zai iya gaya maka ba. Shi ne Tibal. Tarar da ita ya yi.

Adabinmu ma ya daɗe da hango wannan. Jiki Magayi, wanda John Tafida da Rupert East suka rubuta aka buga a Zariya a shekarun 1930, labarin Abubakar ne da Zainabu, da attajirin da ya raba su da ƙarfin dukiya. Abubakar ya tafi neman ramuwa. A kan wa ramuwar ta sauka? A kan yaron da aka haifa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu kuma ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole. Malamin da ya ajiye waɗannan littattafai kusa da Romiyo da Juliyet ya gama rabin aikinsa.

Akwai mutum ɗaya a wasan da ban yi maganarsa sosai ba, kuma saboda ɗalibanmu na makarantar 'yan sanda zan tsaya a kansa. Shi ne sarkin Berona, Eskalus. Sau uku yana fitowa, kuma kowane karo bayan an riga an yi ɓarna. Karo na farko ya yi barazanar kisa ga duk wanda ya sake tayar da fitina. Karo na biyu ya yi kora. Karo na uku ya zo ƙirga gawa. Da bakinsa ya amsa cewa ya kawar da kai daga rigimar, kuma sakacin ya ci masa 'yan'uwa biyu, domin Makushiyo da Faris danginsa ne. Ya iya tsawa, ya iya hukunci, amma bai zaunar da gidajen biyu ya bi rigimar har saiwarta ba. Jami'in da za a tura wani gari gobe, da mai unguwa, da dagaci, da ma'aikacin Hisba da ke zaman sulhu, duk suna da abin ɗauka a nan. Raba faɗa daban, kashe gaba daban.

To, yaya ya kamata a karantar da shi? Wannan shi ne abu na ƙarshe, kuma da malamai nake.

Turancin Shekspiya tsoho ne. Ko 'ya'yan Ingila sai an yi musu bayani. Ɗalibinmu kuwa da Hausa ya tashi, Turancin yau ma yana fama da shi. Abin da yakan faru, sai a sayi ɗan littafin taƙaitawa, a haddace sunaye, a shiga jarrabawa, a fito a manta. Hukumar WAEC takan sa wasan Shekspiya guda a manhajar adabi, ta sauya shi bayan 'yan shekaru. An yi Otelo. An yi A Midsummer Night's Dream, wanda a cikinsa ma akwai uban da ya kai 'yarsa ƙara gaban sarki don ta ƙi mijin da ya zaɓa mata. Ɗalibai nawa ne suka fita daga aji sun san cewa zancen gidajensu ake yi?

Shawarata, malam, ka fara ba su labarin da Hausa, kamar yadda kaka ke ba da tatsuniya. Idan labarin ya zauna, Turancin zai zo da sauƙi. Sannan ka tashe su tsaye. Wasa don a yi shi aka rubuta, ba don a yi masa shiru a kan benci ba. Ka raba musu matsayi, su karanta da murya. Kada batun cakuɗa maza da mata ya hana ka. A zamanin Shekspiya mata ba sa hawa dandali a Ingila, yaro namiji ne ya fara fitowa a matsayin Juliyet. Makarantar maza za ta iya yin wasan ita kaɗai, ta mata ma haka.

Idan an gama, ka mayar da ajin zauren sulhu. Wannan ya zama Kafulet, wancan Mantegu, wancan Fada Lorans, waccan uwar goyo. Sauran ɗalibai su yi musu tambayoyi. A wace rana ce da an yi abu kaza da rai bai salwanta ba? Wa ya kamata ya fara magana? Za ka sha mamakin abin da zai fito daga bakin yaran nan, domin da yawansu daga irin waɗannan gidaje suka fito.

Ga marubutanmu kuma, hanya a buɗe take. Marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar da wani wasan Shekspiya zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu tun 1971. Julius Nyerere na Tanzaniya, yana kan mulkin ƙasa, ya fassara wasanni biyu na Shekspiya zuwa Swahili. Ina fatan wani ɗan Wudil ko 'yar Wudil za su zauna su ba mu Romiyo da Juliyet da Hausar da mai sayar da kifi a bakin gada zai ji ya gane, a kuma yi shi a rediyo, iyaye da 'ya'ya su saurara tare.

A ƙarshen wasan tsofaffin nan biyu sun yi musabaha. Kowannensu ya yi alkawarin gina mutum-mutumin zinariya don tunawa da ɗan abokin gabarsa. Wasu masu sharhi suna ganin wannan kyakkyawan ƙarshe ne. Ni ban gan shi haka ba. Ihu ne bayan hari. Gidaje biyu, babu magaji ko ɗaya. Musabahar da aka yi ranar Alhamis, da an yi ta ranar Asabar, ba ta buƙatar zinariya, kuma da mutum shida suna raye. Gabar da manya suka ƙi kashewa, ita ce ta kashe yaran.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Ɗalibai, ku je ɗakin karatu na makarantarku ku tambayi littafin, in babu ku roƙi malamin adabi ya ba ku labarin. Malamai, ku gwada zaman sulhun nan a aji ko sau ɗaya a wannan zango. Baba, idan akwai gidan da ka hana 'ya'yanka shiga, kuma a zuciyarka abin ya riga ya huce, ka tara su a daren nan ka gaya musu da bakinka. Ranar Juma'a in kun haɗu da mutumin a kasuwa ko a masallaci, ka riga shi miƙa hannu. Inna, ki kira 'yarki ɗaki ki tambaye ta abin da ke ranta, ki bar ta ta gama magana.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya haɗa kanmu, ya zaunar da Wudil da ƙasar Kano lafiya.